Damina Ba Ta Jiran Ɗan Kwangila

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Ɗambatta da Kazaure, ko wadda ta bi ta Bichi zuwa Katsina, a tsakiyar watan Agusta, zai ga gero da dawa sun rufe ƙasa tun daga bakin kwalta har iyakar ganinsa. In kuwa ya ratse ya shiga hanyoyin burji da ke sada ƙauyuka, ba wuya ya tarar da wani abin daban: ramin kwalbati da aka haƙa aka tafi aka bari, tulin yashi da ruwa ya janye cikin gonar mutane, ajin makaranta da aka kai linta aka bar shi ba rufi. In aka tambaya, amsar guda ce: ruwa ya sauka, sai bayan damina.

An saba ɗaukar wannan a matsayin ɗan jinkiri kawai, wanda haƙuri zai magance. Alhali kuwa a ƙasar noma irin ta arewacin Jihar Kano, aikin da ya makara da mako biyu yakan jawo asarar shekara guda, kuma manomi da 'ya'yansa ne ke biyan wannan asara. Saboda haka tsara lokacin aiki dalla-dalla tun kafin a sari ƙasa, da sa ido a kansa mako-mako har a gama, hakki ne na mutanen da ake aikin a ƙasarsu, wanda ya wajaba a kan mai ba da kwangila da mai karɓarta.

Ƙasar da ba ta da saura

Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Ya nuna cewa yanki ne mai cunkoson jama'a, inda ake noma kusan kowace gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ke riƙe da ƙarfin ƙasar shi ne takin dabbobi da na shara da ake kaiwa gona da rani, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, da itatuwa irin su gawo da ɗorawa da tsamiya da ake bari a tsakiyar gonaki. Jama'a sun ninka tun daga wancan lokaci, gonaki kuwa sai ƙara tsagewa suke yi ta hanyar gado.

Ma'anar wannan ga mai aikin gini a fili take. A irin wannan ƙasa babu dajin banza da za a zuba tsakuwa ko a ajiye katafila. Duk inda tifa ta juya, a gonar wani ta juya. Duk ramin da aka ɗebi jar ƙasa, abincin wani gida aka ɗeba. Wannan gaskiya ce ga ƙaramin kwalbati, haka kuma ga babban aiki irin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, aka kuma shata masa hanya ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Manomin da aiki zai ratsa gonarsa yana da tambaya guda wadda ta fi kowace muhimmanci gare shi: yaushe? In ya san ranar, zai san ko ya kai taki bana ko ya bari, ko ya shuka dawa mai daɗewa ko ya tsaya ga gero. In bai sani ba, ko dai ya zuba takinsa da irinsa katafila ta bi ta kai, ko kuma ya bar gonar fayau, damina ta wuce ba a ga ko lebura ɗaya ba.

Agogon da ke cikin tsiro

Ɗalibin kimiyyar halittu ya fi kowa cancantar fahimtar dalilin da ya sa lokaci bai da sassauci a nan. Damina a wannan yanki wata huɗu ce zuwa biyar, daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, marka kuwa a Agusta take. Dawar gargajiya irin su farfara da kaura tana auna tsawon yini da ganyenta. A Kano yini mafi tsawo yakan zo a watan Yuni, yana kusan kai awa 13, daga nan ya riƙa raguwa har ya koma kamar awa 12 a ƙarshen Satumba. Wannan raguwa ce ke sanar da dawa cewa lokacin fitar da kai ya yi. Masu bincike a Samaru ta Zariya sun nuna tun a shekarun 1960 cewa dawar kowane yanki takan fitar da kai daidai da lokacin ɗaukewar ruwa a yankin, ko da kuwa an sami bambanci wajen ranar shuka. Watau dawa tana da ranar da ta tsayar, kuma ba ta ɗagawa. Wadda aka shuka a makare za ta fitar da kai kusan tare da 'yan'uwanta, amma da ƙaramin jiki da ƙaramin zangarniya.

Haka abin yake ga noman rani. Alkama tana son sanyin hunturu, shi ya sa a Kadawa da sauran wuraren da ake nomanta ake so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. In aka makara, zafin Maris zai same ta tana cikin zuba ƙwaya, ƙwayar ta motse. To, a ɗauka an rufe babbar hanyar ruwa domin gyara, aka yi alkawarin buɗe ta a farkon Nuwamba, sai aikin ya kai Janairu. A takardar ofis, jinkirin wata biyu ke nan. A gona kuwa, alkamar shekara guda ce ta tafi, domin ba a dawo da hunturu.

Manomi ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa aikinsa ke tafiya bi da bi: sharar gona da kai taki da rani, shuka da saukar ruwa, noman firi kafin ciyawa ta fi ƙarfi, maimai, sannan girbin gero, da cirar gyaɗa, da yankan dawa. Maginin gargajiya ma haka yake. Da kaka ta wuce ake kwaɓa ƙasa a yi tubali, a ɗora gini sahu-sahu ana barin kowane ya sha iska, a kammala rufi da yaɓe kafin hadari ya taso. Ashe tsara lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin mamaki shi ne yadda aikin da ake kashe wa miliyoyi yakan kasa bin ƙa'idar da mai jaki da mangala yake bi.

Mene ne jadawalin aiki?

Jadawalin aiki takarda ce da ke amsa tambayoyi huɗu game da kowane sashe na aiki: kwana nawa zai ci, me ya wajaba a gama kafin a fara shi, wa zai yi shi, kuma da wane kaya. A wajajen 1910 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Henry Gantt ya yaɗa hanyar zana wannan a allo: a jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a jera kwanaki daga hagu zuwa dama, a ja wa kowane aiki layi gwargwadon kwanakinsa. A 1957 kuma James Kelley da Morgan Walker, suna aiki da kamfanonin Remington Rand da DuPont, suka fito da hanyar gano jerin ayyukan da tsawon aikin gaba ɗaya ya dogara a kansu. Ana iya kiran wannan jeri ƙashin bayan aiki.

Misali zai fi bayyana shi. A ɗauka za a gina kwalbati a wata hanyar ƙauye. Haƙa rami zai ci kwana 5. Ɗaure rodi da kafa katako zai ci kwana 7, kuma ba ya yiwuwa sai an gama haƙa. Zuba kankare kwana 2. Jiran kankare ya yi ƙarfin ɗaukar manyan motoci kwana 28. Cike gefe da ƙasa da daddanne ta kwana 6. Jimla kwana 48 ke nan, kuma kowane yana jiran na gabansa. Wannan shi ne ƙashin bayan aikin: kwana ɗaya da aka rasa a cikinsa, kwana ɗaya ne aka ƙara wa ranar gamawa. Amma kawo yashi da tsakuwa, wanda a ce zai ci kwana 10, ana iya yinsa a lokacin da ake haƙa da ɗaure rodi. Tun da waɗannan biyun kwana 12 za su ci, mai tifa yana da rarar kwana 2. In ya makara da kwana 2 babu abin da ya ɓaci. In ya makara da kwana 5, ya tura dukan aikin gaba da kwana 3.

Daga nan sai a yi lissafi da baya. In ana so kwalbatin ya kasance a shirye ranar 1 ga Yuni, lalle ne a fara haƙa ranar 14 ga Afrilu. In aka ware mako biyu saboda lalacewar inji ko ruwan da ya yi sammako, to, ranar farawa ta koma ƙarshen Maris. Wanda ya zo da leburori a tsakiyar Mayu ya riga ya faɗi tun kafin ya sari ƙasa, kome ƙwazonsa, kuma ɗalibin aji uku da fensir zai iya gaya masa haka. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwana 28 ɗin nan ba son rai ba ne. Kankare yana yin ƙarfi ne ta hanyar haɗuwar siminti da ruwa, inda ake samun wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama juna su ɗaure yashi da tsakuwa. In ruwan ya ƙafe da wuri, haɗuwar ta tsaya. Shi ya sa ake shayar da sabon kankare aƙalla mako guda, musamman a zafin Maris da Afrilu. A kwana 7 yakan sami kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 kuwa ake gwada shi a ga ko ya kai abin da aka nema. Ƙasa ma tana da nata sharaɗi. A 1933 wani injiniya mai suna Ralph Proctor ya nuna cewa kowace irin ƙasa tana da adadin laima da ta fi dannuwa a cikinsa. In ta bushe ƙwarai ba ta kama juna, in ta jiƙe sharkaf sai ta riƙa gudu a ƙarƙashin rola. Hanyar da aka danne cikin marka ba ta daɗewa take lotsawa.

Ramin da aka bari a buɗe

Akwai wata asarar da ba ta shiga littafin ɗan kwangila. Sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a wannan yanki, watau jinsin Anofilis, ya fi son ƙananan ruwaye na wucin gadi da rana ke duka: sawun taya, sawun shanu, ramin harsashi, da ramin da aka ɗebi ƙasa. A zafin damina, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Ramin da ya riƙe ruwa daga Yuli zuwa Satumba zai iya yaye zuriya bayan zuriya, a bakin gidajen mutane. Ƙarfin wannan cuta a karkarar Kano ba ɓoyayye ba ne. A gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa a Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike daga 1969 zuwa 1976, inda aka haɗa feshin gidaje da rabon magani, amma duk da haka ba a iya katse yaɗuwar cutar ba.

Ramin da ya fi zurfi, wanda ke riƙe ruwa har cikin rani, yana iya zama gidan wani ƙaramin dodon koɗi da masana ke kira Bulinus. A jikinsa ne tsutsar tsargiya ke hayayyafa kafin ta fito cikin ruwa ta huda fatar yaron da ya shiga wanka. Wannan dodon koɗi yana iya lafewa cikin laka ya jira wata daminar. Saboda haka cike rami ko gyara masa mafita sashe ne na aiki, mai ranarsa da kuɗinsa a jadawali. In ba a rubuta shi ba, ba mai yinsa, domin ranar da aka yanke ƙyalle kowa ke watsewa.

Darussa daga tarihi

Layin dogo na farko da ya iso Kano ya taso ne daga Baro a bakin kogin Kwara. An fara shi a 1907 a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya kuma iso Kano a 1911, bayan tafiyar kimanin mil 350. Manyan jiragen ruwa ba sa iya hawowa Baro sai a 'yan watannin da kogi ya cika. Dole aka tsara sayen ƙarafa a Ingila da lodinsu da tasowarsu yadda za su riski cikar kogi, domin wanda ya kuskure ta sai wata shekara. An kiyaye wannan, aikin ya tafi. Amma akwai abin da jadawalin bai lissafa ba. Dubban leburorin da suka yi aikin ta hannun sarakuna aka tattaro su, da yawansu ba da son ransu ba, aka raba su da gidajensu da gonakinsu. Jadawalin ya kula da lokacin kogi da na jirgi, ya manta da lokacin manomi. Tsari irin wannan yana iya gama aiki, amma bai cika adalci ba.

Darasi na biyu ya faru ne a 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita. Ma'aikatun Gwamnatin Tarayya, musamman ta tsaro, suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, a kawo cikin shekara guda, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka ba. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira kullum, sauran kayayyakin da ƙasa ke bukata suka rasa hanyar shigowa, siminti mai yawa kuma ya sha laima ya daskare a cikin jirage. Kuɗi bai yi ƙaranci ba a wannan karo. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna da fensir ya raba yawan simintin da abin da tasha ke iya saukewa a wata.

Na uku yana kusa da gida. Shirin gina madatsun ruwa da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya samar da Tiga a 1974, sannan Tomas kusa da Ɗambatta, da Jakara, da Watari ta Bagwai suka biyo baya. Da ƙasa aka gina su, sahu bisa sahu ana dannewa, kuma irin wannan gini yana bukatar a riƙa duba shi muddin yana tsaye: tsagewa, yoyo, ramukan ɓeraye da gara, saiwar itatuwa, da toshewar mafitar ruwa. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle cikin ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki. Ruwan Agusta zai dawo kowace shekara. Lokacin dubawa da gyara kuwa rani ne, kuma shi ma sai an rubuta masa rana.

Abin da masu musu ke cewa

Wasu sukan ce ruwa na Allah ne, ba wanda ya san ranar saukarsa, don haka tsara rana ɓata takarda ne. Gaskiya ne ba a san ranar ba, amma an san watan. An fi shekara ɗari ana auna ruwan sama a Kano, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya takan fitar da hasashen damina a farkon shekara. Manomi ma bai san ranar ba, amma ba ya jira sai hadari ya haɗu sannan ya tafi neman iri. Rashin tabbas dalili ne na ware rarar kwanaki, kamar yadda aka yi a misalin kwalbati.

Wasu kuma sukan ce laifin ba na tsari ba ne, kuɗi ne ba ya fitowa a kan kari. Wannan magana tana da nauyi. Kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na 2017 da na 2018 duk a watan Yuni aka sa musu hannu, watau daidai lokacin da ranin gini ya ƙare a Arewa. A 2011 wani kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da aka fara ba a kammala ba. Amma wannan hujja tana ƙarfafa batun tsari ne. Biyan kuɗi shi ma aiki ne a cikin ƙashin bayan aiki, yana da ranarsa, kuma jinkirinsa yana tura kome gaba kamar jinkirin mai tifa. Dokar sayayya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta tanadi cewa kada a ƙulla kwangila sai an tabbatar akwai kuɗinta. Hukumar da ta san kuɗinta ba zai iso ba sai Yuni, abin da ya fi mata shi ne ta sayi kaya ta adana abin da ke adanuwa, ta fara haƙa a Nuwamba. Gara gonar da ba a taɓa ba da ramin da aka buɗe aka gudu.

Na uku sukan ce sauri ya haifi nawa, matsa wa ma'aikata da rana shi ke kawo aikin algus. Amma a duba daga ina saurin ke fitowa. Wanda ya fara a kan kari ba ya cire katako a kwana uku. Mai yin haka shi ne wanda ya ɓata watannin sanyi a banza, sai ga hadari ya taso ko ranar buɗe aiki ta matso. Jadawali na gaskiya shi ke kare kwana 28 na kankare daga mai gaggawa, domin an rubuta su, an sa hannu, kowa ya gani.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, kowane aikin da ya shafi haƙa ko danne ƙasa ko zuba kankare a karkara a lissafa shi da baya daga farkon damina, gyaran hanyoyin ruwa na noman rani kuwa daga ranar shuka. In lissafi ya nuna ba za a gama ba, a raba aikin kashi-kashi yadda kowane kashi zai kammalu a rani guda.

Na biyu, a sanar da masu gonaki ranar shiga ta hannun dagaci da masu unguwa kafin lokacin kai taki, a biya diyya kafin a shiga, a kuma karɓi ƙasa bayan girbi. Allon da ake kafawa a bakin aiki ya ɗauki ranar farawa da ranar gamawa, da Hausa, da boko da ajami.

Na uku, a riƙa awo kowane mako, a rubuta. Lambobi uku sun isa su tona gaskiya: aikin da ya kamata a ce an yi zuwa yau, aikin da aka yi, da kuɗin da aka kashe. In rabin lokaci ya wuce, an kashe kashi 70 cikin 100 na kuɗi, aikin kuwa bai wuce sulusi ba, to, ba sai an jira damina ta ba da labari ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, kada a biya kason ƙarshe sai an cike ramuka ko an yi musu mafita, an kwashe ɓaraguzai daga gonaki, an kuma mayar da ƙasar sama inda aka kankare ta.

Makarantun sakandare suna da rawar da za su taka, kuma ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Malamin lissafi zai iya sa ɗalibai su zana jadawalin Gantt na gonar gidansu daga shara zuwa rumbu, su gano ƙashin bayanta da inda rara take. Malamin labarin ƙasa zai iya kafa ma'aunin ruwan sama a harabar makaranta, a riƙa rubuta ranar ruwan farko da na ƙarshe shekara bayan shekara. Malamin kimiyyar halittu kuwa zai iya fita da aji da ludayi da farin kwano zuwa ramukan da ke kusa, su ɗebo ruwa su ƙirga tsutsar sauro, tare da kiyaye kada kowa ya tsoma hannu ko ƙafa a ruwan. Tsutsar Anofilis tana kwanciya a miƙe daidai da saman ruwa, ta sauron gida kuwa tana rataye kai ƙasa, don haka ido ma yana bambanta su.

Daga cikin waɗannan ɗalibai ne za a sami injiniyoyi da akantoci da kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi na gobe. Wanda ya taɓa ƙirga kwana 48 da baya daga ranar 1 ga Yuni, ya kuma taɓa ganin abin da ke iyo a ramin da aka bari, in aka kawo masa takardar kwangila a tsakiyar Mayu, zai ɗauki fensir ya yi lissafi kafin ya ɗauki biro ya sa hannu.